Koyar da Korewa a Faransanci ga 'Yan Koyo Hausawa: Nazari daga Azuzuwan Gyadi-Gyadi da Tarauni

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ake gina korarriyar jimla a Faransanci, da irin tuntuɓen da ɗalibai Hausawa 'yan matakin farko suke yi a kanta. An bi hanyar kwatanta nahawun harsunan biyu, aka haɗa da abin da mai takardar ya daɗe yana gani a littattafan aikin ɗalibai a wasu makarantu da azuzuwan yamma na Gyadi-Gyadi da Tarauni a birnin Kano. Matsayar takardar ita ce, Bahaushe yana shigowa aji da kusan rabin darasin a bakinsa, domin harshensa ma da kalma biyu yake kore jimla. Sai dai koyar da shi ta hanyar Ingilishi tana sa wannan jari ya salwanta, kuma tana ɓoye wa malami ainihin inda kurakuran suke fitowa.

Gabatarwa



Ƙasashe huɗun da suka yi iyaka da Nijeriya ta tudu, wato Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, duk Faransanci ake aikin ofis da shi a cikinsu. Wannan ne ya sa gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu a 1996, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta wajabta shi a firamare da ƙaramar sakandare. Tun kafin nan, a 1991, an kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry domin ɗaliban jami'o'i su je su zauna cikin harshen. A nan Kano muna da Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi da ke yaye malaman Faransanci, ga kuma cibiyar Alliance Française. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, suka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan bai rage buƙatar Faransanci ga Bakano ba: takardar kwastan da ta asibiti da ta makaranta a Maraɗi ko Damagaram har yanzu da shi ake cike mafi yawansu.

Masu koyon da nake magana a kansu iri biyu ne. Akwai yaran ƙaramar sakandare, waɗanda jarrabawa ce ta haɗa su da harshen. Akwai kuma manya masu zuwa ajin yamma: ɗan kasuwar da ke da abokan ciniki daga Nijar ko Cadi, ma'aikaciyar jinya a kewayen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke karɓar marasa lafiya daga ƙetaren iyaka, da matashin da ke shirin tafiya karatu Maraɗi ko Kwatano. Dukkansu Hausa ce harshen gida, kuma kusan dukkansu da Ingilishi ake yi musu bayanin nahawun Faransanci. Ke nan yaro yana koyon harshe na uku ta hanyar harshe na biyu wanda shi ma bai gama nuna a bakinsa ba.

Tun a 1957 Robert Lado ya kawo ra'ayin cewa kwatanta harshen uwa da harshen da ake koyo zai nuna wuraren da mai koyo zai sha wuya. Pit Corder a 1967 ya ƙara da cewa kuskuren ɗalibi shaida ce ta tsarin da yake ginawa a kansa. A kan waɗannan biyu na dogara. A nahawun Hausa kuwa na bi rabe-raben korewa da Paul Newman ya tsara a babban littafinsa na 2000. Na sa alamar tauraro a gaban duk jimlar da ba daidai ba.

Fasalin korewa a harsunan biyu

Ƙa'idar Faransanci gajera ce. Ana sa ne kafin aikatau, a sa pas bayansa: Je parle (ina magana) ta zama Je ne parle pas. Idan aikatau ya fara da wasali, ko da h wadda ba a furtawa, wasalin ne yakan faɗi: Je n'aime pas, Il n'habite pas ici. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan, tun da shi ma ba ni ya mayar ban, ba ya ya mayar bai a shuɗaɗɗen lokaci.

Hausa ta fi Faransanci yawan hanyoyi. Akwai ba … ba ta shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa (ban ci ba, ba zan ci ba). Akwai ba guda ɗaya mai dogon wasali ta lokaci mai ci (ba na ci). Akwai babu ko ba ta rashin samuwa (babu ruwa). Akwai ba … ba ne ta jimlar da ba aikatau (ba malami ba ne). Sai kada ko kar ta hani. Duk waɗannan biyar Faransanci da ne … pas ɗaya yake biyan su. A wannan fuska aikin Bahaushe sauƙi ya samu.

Shi kuwa Ingilishi da kalma ɗaya yake korewa, sannan ya jawo wani mataimakin aikatau da babu irinsa a Faransanci. Littattafan da ke hannunmu, yawancinsu an rubuta su ne da tunanin mai jin Ingilishi, don haka suke ɓata shafi guda suna lallashin ɗalibi ya yarda cewa kalmar korewa tana iya zama biyu. Yaron Tarauni ba ya buƙatar lallashi a kan wannan. Abin da yake buƙata shi ne a nuna masa inda kowace daga cikin biyun take zama.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a littattafan aikin da na duba shi ne irin wannan: *Je ne mange le riz pas. *Il n'a vu son frère au marché pas. Malamin da ke tunani da Ingilishi zai ja jan biro ya rubuta cewa ɗalibi bai kula ba. Alhali ya kula ƙwarai. Hausa ya bi sau da ƙafa. A Hausar Kano ba ta biyu takan jira karɓau ya wuce, sau da yawa har da bayanin wuri: bai ga ɗan'uwansa a kasuwa ba. Ba … ba shinge ce da ke kewaye gonar gaba ɗaya, ita kuwa ne … pas itace ɗaya kawai take zagayewa, wato aikatau ɗin da ke ɗauke da lokaci. Da zarar an faɗa wa ɗalibi haka da Hausa, aka rubuta jimlolin biyu ɗaya bisa ɗaya a allo, aka ja kibiya daga ba ta ƙarshe zuwa gindin aikatau, sai ka ji ajin ya ce "au!" Wannan gyara ba ya cin rabin darasi.

Kalmar korewa ta farko ma tana da tata rigimar. A Hausa ba tana gaban wakilin suna: ba mu ci ba, ba su zo ba. A Faransanci ne tana bayansa: nous ne mangeons pas. Ɗalibi kan rubuta *Ne je mange pas. Wani lokaci ma ya rubuta Ne nous mangeons pas yana nufin "ba ma ci", bai san ya gina jimla ingantacciya mai ma'anar "kada mu ci junanmu" ba. Shawara mai kyau ce, amma ba ita aka tambaye shi ba. Maganin wannan shi ne a fara darasin da jimlolin da aikau ɗinsu suna ne, domin a nan harsunan biyu sun yi daidai: Audu bai zo ba, Audu n'est pas venu, Binta ba ta fita ba, Binta n'est pas sortie. Idan kunne ya saba da jin ne bayan Audu da Binta, sai a cire sunan a sa il da elle a gurbinsa.

Akwai wani abu da manhaja ta jawo ba da gangan ba. Lokacin da ake fara koyarwa a Faransanci shi ne présent, wanda galibi yake faɗawa kan lokaci mai ci na Hausa, kuma shi ne lokacin da Hausa ke korewa da ba guda ɗaya tak: ba na jin Faransanci. Sai ɗalibi ya rubuta *Je ne comprends le français, ya ajiye biro yana ganin ya gama. Ina ganin bai kamata a jira sai zango na uku kafin a kawo futur proche ba, domin ya yi kama da Hausa ƙwarai: ba zan tafi ba, je ne vais pas partir, ba za mu saya ba, nous n'allons pas acheter. A nan ɗalibi zai ga ba biyu a gefe guda, ne da pas a ɗaya gefen, sannan ya koyi cewa pas tana manne da vais, ba ta bin partir. Wannan kuma shi zai share masa hanyar passé composé, inda ƙa'idar take ɗaya: je n'ai pas mangé, ba *je n'ai mangé pas ba.

Furuci ma yana shiga rubutu. Wasalin da ke cikin ne na Faransanci babu shi a Hausa, don haka ɗalibanmu suna furta ta kamar dirkar nan tamu ta "shi ne". To haka n'ai take fita a baki, n'est ma kusa da haka. Sakamakon shi ne jimloli marasa aikatau irin *Je ne pas d'argent da *Il ne pas là, maimakon Je n'ai pas d'argent da Il n'est pas là. Ɗalibin ya ji daidai, rubutawa ce ta gagara. Shifta ta minti biyar a farkon kowane darasi, da jimloli masu ne da n'ai da n'est a cakuɗe, ta fi dogon bayani amfani.

Batun de bayan korewa

Wannan ƙa'ida ce da ke wahalar da kowa a duniya, ba Bahaushe kaɗai ba. Un da une da des da du da de la sukan koma de bayan korewa: J'ai un stylo, Je n'ai pas de stylo, Il y a du pain, Il n'y a pas de pain. Amma tare da aikatau être ba sa canzawa: C'est un stylo, Ce n'est pas un stylo. Littafi yakan ba da wannan a matsayin togiya da za a haddace. Hausa kuwa ta riga ta raba su gida biyu. Inda Bahaushe zai ce babu ko ba ni da, ana maganar rashin abu ne, Faransanci zai sa de. Inda zai ce ba … ba ne ko ba … ba ce, abin yana nan, sunansa ake musu, don haka un ko une na nan daram. Ba ni da mota: je n'ai pas de voiture. Wannan ba mota ba ce: ce n'est pas une voiture. Ɗalibi ya tambayi kansa da Hausa, "akwai ne ko ce a ƙarshen maganata?" ya samu amsa. Le da la da les kuwa ba ruwansu da korewa: Je n'aime pas le thé.

Kowa, komai, taɓa, ƙara, tukuna, sai

A nan ma kamannin harsunan biyu suna da yawa. Ban ga kowa ba: je n'ai vu personne. Ban ga komai ba: je n'ai rien vu. Ban taɓa zuwa Yamai ba: je ne suis jamais allé à Niamey. Bai ƙara zuwa ba, ko ya daina zuwa: il ne vient plus. Ba ta iso ba tukuna: elle n'est pas encore arrivée. Ba ni da komai sai naira ɗari: je n'ai que cent nairas. Wannan ta ƙarshe, ne … que, masu jin Ingilishi sukan daɗe ba su gane ta ba, amma duk wanda ya san aikin sai bayan korewa a Hausa ya riga ya san ta.

Tarkon shi ne, a Hausa kowa da komai ƙari ne a kan ba … ba. Ba su kori ba ta biyu ba. A Faransanci kuwa personne da rien da jamais da plus kujerar pas suke hawa, ita ta tashi. Shi ya sa muke samun *Je n'ai pas vu personne da *Je ne veux pas rien. Sai kuma bambancin mazauni a passé composé, inda rien ke shiga tsakanin mataimaki da aikatau, personne ta koma baya. Wannan kam Hausa ba ta da taimakon da za ta bayar, haddacewa za a yi.

Ɗan tarihi kaɗan yana sa ɗalibai manya su riƙe ƙa'idar. A tsohon Faransanci ne kaɗai ce ke korewa. Pas asalinta suna ne mai ma'anar taku, ana ƙara ta ne don ƙarfafawa, kamar yadda ake ƙara goutte, ɗigo, da mie, ɓarɓashin burodi. Daidai da yadda muke cewa ko taku ɗaya ban yi ba, ko ɗigo ban sha ba, ko sisin kwabo ba ni da shi. Da tafiya ta yi tafiya sai pas ta rasa ma'anarta ta zama abokiyar ne ta dindindin. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya bayyana wannan juyi a 1917, kuma da sunansa ake kiransa a yau. Idan ɗalibi ya gane cewa pas da rien da personne duk daga layi ɗaya suka fito, zai gane dalilin da ya sa biyu ba sa zama a gurbi ɗaya.

E, a'a da si

Kuskuren amsa korarriyar tambaya shi ne ya fi tsada a waje da aji, domin ba ya ɓata nahawu, ma'ana yake juyawa. Idan aka tambayi Bahaushe, "Ba ka biya ba?" ya ce "E," yana nufin e, ban biya ba. Idan ya ce "A'a," yana nufin a'a, na biya. Amsarsa tana gaskata mai tambaya ne ko ta ƙaryata shi. A Faransanci, Tu n'as pas payé? idan ba ka biya ba Non za ka ce. Idan ka biya kuma ba Oui za ka ce ba, akwai kalma ta musamman: Si. Ke nan "E" ɗinmu a nan ita ce Non, "A'a" ɗinmu ita ce Si. A ɗauki ma'aikaciyar jinya da ke tambayar mara lafiya Vous n'avez pas pris le médicament? ko direban da jandarma ya tare a hanyar Ɗan Isa ya ce masa Vous n'avez pas de papiers? Wanda ya fassara "E" ɗinsa zuwa Oui ya bar mai tambaya cikin ruɗu, wanda ya fassara "A'a, ina da su" zuwa Non kuwa ya amsa laifin da bai yi ba. Littattafanmu layi ɗaya suke ba si. A ganina ta cancanci darasi sukutum, da wasan tambaya da amsa tsakanin ɗalibai biyu-biyu.

Hani bai da wuya: kada ka taɓa, ne touche pas. Abin lura kawai shi ne rubutun allunan sanarwa, inda ne da pas suke haɗuwa wuri ɗaya a gaban aikatau: Ne pas fumer, Ne pas stationner.

Faransancin littafi da na tasha

Ɗalibin da ya je tashar Unguwa Uku ko Kantin Kwari ya saurari baƙi daga Nijar da Kamaru zai dawo da ƙorafi: "Malam, ai su ba sa cewa ne." Gaskiya ya faɗa. Abin da zai ji shi ne Je sais pas, C'est pas grave, Y a pas de monnaie. Kuma ba lalacewar Faransancin Afirka ba ce, kamar yadda wasu malamai ke gaya wa yara. William Ashby ya naɗi maganar mutanen birnin Tours a Faransa a 1976, ya samu ne tana faɗuwa a kashi 63 cikin ɗari na korarrun jimloli. Da ya koma a 1995 adadin ya kai kashi 82. Juyin da Jespersen ya bayyana ne yake ci gaba.

Wannan yana da muhimmanci ga Bahaushe ta wata fuska. Idan zai yar da ɗaya daga cikin biyun, ta ƙarshe yake yarwa, saboda ba na ci da ba ya zuwa sun saba masa da cewa ta farko ce mai nauyi. Faransanci kuwa ta ƙarshe ce mai nauyi. Je comprends pas magana ce da ake ji kullum a titin Paris da na Yamai. *Je ne comprends le français ba mai faɗin ta. Har ila yau, idan ne ta faɗi, furucin plus ne kaɗai ke raba J'en veux plus mai ma'anar "na ƙoshi", inda ba a furta s, da mai ma'anar "a ƙaro", inda ake furta ta.

Matsayina shi ne a koyar da cikakkiyar siga don rubutu da jarrabawa, domin WAEC da NECO da jarrabawar DELF duk ita suke nema a takarda, amma tun a zangon farko a sanar da ɗalibi cewa zai ji ɗayar, a kuma horar da kunnensa a kanta. Ɓoye masa ita ba ya hana shi jin ta a waya ko a rediyo. Abin da yake jawowa kawai shi ne ya daina yarda da malaminsa.

Shawara

Na san akwai masu ganin cewa aji na harshen waje bai kamata a ji wani harshe a cikinsa ba sai wanda ake koyo. Da haka ake yi a makarantunmu da ban yi musu ba. Amma abin da ke faruwa shi ne ana bayani da Ingilishi, an dai hana Hausa ne kawai, har a wasu makarantu masu zaman kansu ana cin tarar yaron da ya yi ta. Idan dole sai an ratsa ta wani harshe, a ratsa ta wanda ya fi kusa da abin da ake koyarwa kuma ɗalibi ya fi ƙwarewa a kansa. Malamin da ba Bahaushe ba ma, kuma suna da yawa a makarantun Tarauni, jimloli goma na Hausa sun ishe shi gudanar da wannan darasi. Ɗalibansa za su ba shi su da murna.

Ina kira ga malaman Faransanci da na Hausa a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na Kano da su zauna tare su fitar da ɗan ƙaramin littafin nahawun Faransanci da bayanin Hausa, wanda malamin ƙaramar sakandare zai iya saya ya sa a aljihu, su kuma nemi takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram su duba misalan. A fara da babin korewa.